Ruwan Sifiri

Litinin, 2 ga wata, 4:30 na yamma

A sanar da jama'a, na kusa da na nesa, a kuma shigar a tarihin kimiyya: yau da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, ni da hannuna na gyara tukunyar tururin ɗakin gwajinmu.

Wata huɗu tana yoyo. Takarda uku na rubuta wa Darakta. Ya kafa kwamiti, kwamitin ya zo ya zagaye tukunyar, ya tabbatar lallai yoyo ne, ya tafi rubuta rahoto. Yau na taho da wayar liƙi daga gida, irin ta masu gyaran rediyo, na narka ta a gaɓar bututun, minti ashirin an wuce wurin. Ba wanda ya gani. Haka manyan ayyuka suke.

Ga wanda zai tsinci littafin nan bayan raina: tukunyar tana dafa ruwa ne, tururi ya bi bututu ya huce, ya ɗigo tas babu komai a cikinsa. Shi muke kira ruwan sifiri. Kafin a auna komai, sai a ɗiga wa na'ura shi, a danna maɓalli, a ce mata, "Wannan shi ne babu." Daga nan take fara ƙirga. Na'urar kuwa Tsohuwa muke ce mata. Takan karɓi ɗigo ɗaya, ta ƙone shi a cikin ɗan bututun gawayi, ta haska shi da fitila, yawan hasken da hayaƙin ya haɗiye shi ke faɗa mana yawan ƙarfen da ke ciki. Shekara goma sha tara muna tare. Ta fi wasu 'yan'uwana riƙon amana.

Laraba, 4 ga wata, 5:00 na yamma

Dakta ta dawo daga ɗibar ruwa da kwalabe goma sha biyu a cikin akwatin ƙanƙara. Dakta abokiyar aikina ce, bara ta dawo daga karatu da digiri mai nauyi da tambaya mai yawa. A bayan idonta Me-ya-sa muke kiranta. Ta sani.

Ruwan na rijiyar unguwar su ƙanwata ne. Likitan asibitin unguwar ne ya nema: yara suna ta zuwa masa da ciwon ciki da kasala, ga kuma fili a bayan rijiyar inda ake fasa tsofaffin batura. Yana zargin dalma.

Na auna. Shida. Ƙa'ida ta ce kada ya wuce goma a ma'aunin da muke amfani da shi. Na sake, shida. Na zuba dalmar da na san yawanta a cikin ruwan don in gwada Tsohuwa, ta dawo mini da ita cif. Na sa hannu: ruwa lafiya, a sha.

Na kira ƙanwata. Ta ce, "Yaya, ka tabbata? Auta fa ko abinci ba ta ci."

Na ce, "Ke, ni da ke wa ya yi karatu?"

Ta yi dariya, ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri. To mun gode, dama ruwan mota wahalar samu yake."

Auta ita ce ƙaramar 'yarta, shekararta huɗu. Ita kaɗai ce a dangi take zama in ba ta labari har in kai ƙarshe.

Juma'a, 6 ga wata, 10:15 na safe

Fitilar ofis tana ƙiftawa. Ba zan gyara ba. Mutum ba ya yin abin tarihi sau biyu a mako.

Talata, 10 ga wata, 3:40 na rana

Likita ya aika jinin yara bakwai wani ɗakin gwaji a babban birni, inda suke da sabuwar na'ura mai hura wuta kamar ta rana, mai ƙirga ƙarafa ɗaiɗai da nauyinsu. Sakamako ya zo. Ba zan rubuta lambobin ba. Biyar cikin bakwai, dalma a jini.

Ya kira ni. Mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa kunne zafi. "Malam, ba wai ina shakkar aikinku ba ne." Duk wanda ya fara da haka ya gama shakka tun a gida.

Na yi masa karatu. Na ce dalma ba ta ruwa kaɗai take shiga jiki ba: akwai ƙasar da yara ke wasa a kai, akwai tsohon fenti, akwai ƙurar batir da iyaye ke kwasowa a rigunansu. Na kai shi har Rumawan dā da bututunsu na dalma. Ya saurara, sannan ya ce, "Haka ne, Malam. Amma biyar ɗin nan rijiya ɗaya suke sha. Biyun da suka fita lafiya ruwan famfo suke sha." Ya nemi a rufe rijiyar. Hukumar ruwa ta ce ba za ta rufe rijiyar da ke da takardar lafiya ba. Takardar tawa ce.

Ban tambaye shi sunayen yaran ba.

Laraba, 11 ga wata, 1:00 na rana

Na sake auna ruwan rijiyar, da sabon ruwan sifiri da na tara jiya. Tara. Har yanzu ƙasa da goma. Tsohuwa ba ta ƙarya.

Me-ya-sa ta tsaya a bayana da littafin aiki a buɗe.

"Malam, me ya sa ruwan famfon ofis ɗin nan da muka saka tare da su aka rubuta masa 'ba a gano ba'?"

"Saboda ba a gano ba, Dakta."

"Amma me Tsohuwa ta nuna a fuskarta?"

"Ƙasa da sifiri."

"Da nawa?"

Na ce mata tun kafin ta san hanyar makaranta haka ake yi a ɗakin nan: in lamba ta faɗa ƙasa da sifiri, a rubuta 'ba a gano ba', a wuce. Wanda ya koya mini haka ya koya mini, shi ma haka aka koya masa. Rawar na'ura ce kawai.

Ta ce, "Rawa ɗaya ko biyu, na yarda. Amma ta yaya ruwa zai fi babu rashin dalma da sittin da wani abu?"

Na ce mata tambayar ta fi dacewa da masu falsafa, ofishinsu yana can ƙetaren titi.

Alhamis, 12 ga wata, 6:20 na yamma

Uwargida ta ce na zuba gishiri a shayi. Na ce gwaji nake yi.

Asabar, 14 ga wata, 2:00 na rana

Na je gidan ƙanwata. Ba don komai ba, hanya ce ta bi da ni.

Auta tana kwance a kujerar falo, da rigarta mai hoton kifi. Da can tun ina bakin ƙofa take rugowa ta laluba mini aljihu. Yau ta ɗago kai kawai ta ce, "Kawu." Na fara ba ta labarin ɓeran da ya shiga makaranta, ban kai ga rajista ba ta rufe ido.

Ƙanwata ta kawo mini ruwa a kofi. Na riƙe. Muka yi ta hira, ina riƙe da shi.

"Yaya, ba ka sha ba."

"Na sha a mota."

Ta dube ni irin kallon da mahaifiyarmu ke yi mana in an rasa wanda ya fasa faranti. Ta ce, "Maƙwabta sun ce a daina sha. Na ce musu yayana ne ya auna da hannunsa, shekara kusan talatin yana wannan aiki. Har faɗa na yi da matar mai shago a kanka."

Na ce ta yi daidai. Na ce amma tafasawa ba ta da amfani ga dalma, kada ta wahalar da kanta. Ban san me ya sa na faɗi haka ba, tunda ruwan lafiya yake.

Na ajiye kofin a ƙarƙashin kujera.

Litinin, 16 ga wata, 11:30 na safe

Taro a ofishin Darakta. Darakta mutum ne da Allah ya hore wa iya zama. Ya ce abu biyu yake so: kada sunan cibiya ya ɓaci, kuma a gano gaskiya, a jere kamar haka.

Ya tambayi wa ya ɗebo ruwan. Dakta ta ce ita. Ya gyaɗa kai a hankali, ya rubuta wani abu. Ya ce ko dai kwalaben ba su wanku ba? Ko an ɗebo a sama-sama? Ko an bar su a rana?

Dakta ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙazamar kwalba ƙara lamba take yi, ba ta ragewa."

Ya juyo gare ni. "Malam, haka ne?"

Haka ne. Kowane ɗalibin shekarar farko ya san haka ne. Na ce, "To, akwai bayanai iri-iri."

Ta dube ni. Karon farko ke nan tun da na san ta da ba ta ce me ya sa ba, kuma ban ji daɗin shirun yadda na daɗe ina zato ba.

An kafa kwamiti.

Talata, 17 ga wata, 4:00 na yamma

Sha huɗu.

Ruwa ɗaya, kwalba ɗaya, tana cikin firji tun ranar huɗu ga wata. Shida, tara, yau sha huɗu. Dalma ba ta haihuwa a cikin kwalba. Na canja fitilar Tsohuwa. Na canja bututun gawayi. Na goge madubanta da hannuna kamar mai yi wa amarya kwalliya. Sha huɗu.

Ban shigar a littafin aiki ba tukuna. Sai na tabbatar.

Laraba, 18 ga wata, 9:00 na safe

Fitila ce. Sabuwar fitilar ma tsohuwa ce, ta daɗe a sito.

Laraba, 3:15 na rana

Ba fitila ba ce.

Alhamis, 19 ga wata, 5:30 na yamma

Me-ya-sa ta same ni ina wanke kwalabe, aikin da rabona da shi tun ina da gashi.

"Malam, in tambaye ka wani abu, ba don raini ba?"

"Yaushe kika fara neman izini?"

"In ruwan rijiya bai canja ba amma lamba tana hawa, to abin da ake cirewa daga cikinta ne yake raguwa. Sifirinmu ne yake motsi. Akwai abin da ya taɓa ruwan sifiri a watan nan? An canja jarka? An taɓa tukunya?"

Na ce tukunyar nan ta girme ta.

"Na sani. Amma da tana yoyo, yanzu ba ta yi. Mai gyara ya zo ne ina wajen ɗibar ruwa?"

Na ce ban ga wani mai gyara ba. Wallahi ban ga wani mai gyara ba.

Ta ce tana so ta rubuta wa ɗakin gwajin babban birni su aiko mana da ruwansu na sifiri, wanda ke zuwa a rufe daga masana'anta, mu gwada namu da shi. Takardar tana bukatar sa hannuna. Na ce ta ajiye a tebur.

Da ta fita na buɗe aljihun teburina ina neman biro. Ragowar wayar liƙin tana ciki, a naɗe. Na mayar da ita can baya, ƙarƙashin tsofaffin takardu. Tana tare mini wuri ne kawai.

Juma'a, 20 ga wata, 12:10 na rana

Takardar tana kan tebur. Na ɗora mata kofin shayi don kada iska ta ɗauke ta.

Asabar, 21 ga wata, 10:00 na safe

Ban je ko'ina ba. Na ɗauko wani tsohon littafin koyarwa da na yi karatu da shi, don in huta. Babi na uku, kan tsabtar ruwan gwaji. A gefen shafi akwai rubutun hannuna na ɗan shekara ashirin da biyu, da jan biro, har da layi biyu a ƙasa. Yaron nan ya cika iyayi. Na rufe littafin.

Uwargida ta zauna kusa da ni tana gyaran maɓallin rigata. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, kwana uku ke nan kana amsa sallamar da ba a yi ba. Me ka yi?"

"Me ya sa sai dai a ce me na yi? Me ya sa ba me aka yi mini ba?"

"Don in an yi maka, gari duk sai ya ji. In kai ka yi ne kake shiru."

Shekara ashirin da shida da aure. Ya kamata hukuma ta sa iyaka ga irin wannan sani.

Lahadi, 22 ga wata, 4:45 na yamma

Ƙanwata ta kira. An kwantar da Auta. Ta yi wani abu da safe, jikinta ya sanƙare na ɗan lokaci. Ba zan rubuta yadda ta kwatanta ba.

Ta ce likita ya ce za a fara ba ta maganin da ke janyo dalma daga jini, amma ba shi da amfani in za ta koma gida ta ci gaba da shan abin da ya kawo ta. Ya ce a daina ba yara ruwan rijiyar. Mijinta ya ce likita da mai gwaji wa ya fi sanin ruwa? Sauran yaran uku suna gida.

"Yaya, kai zan bi. Ka ce mini kawai."

Na ce ta ba su ruwan mota zuwa jibi. Ta ce, "Me ya sa?" Ita ma ta koya.

Na ce don hankalin likita ya kwanta.

Wannan gida ɗaya ke nan. Rijiyar gida arba'in take shayarwa, na ƙirga a taswirar Dakta.

Litinin, 23 ga wata, 8:05 na safe

Na sa hannu a takardar. Akwai zoben shayi a kanta. Dakta ta duba zoben, ta duba ni, ta ce za ta je ta karɓo da kanta a motar haya, ba za ta jira masinja ba.

Litinin, 2:30 na rana

Kwamiti ya zauna. Sun rubuta cewa "akwai alamun sakaci wajen ɗibar samfur". An ba ni in karanta in sa hannu. Na ce gilashina yana gida. Yana aljihuna.

Talata, 24 ga wata, 1:20 na rana

Ta dawo da kwalba ɗaya, ƙarama, a rufe da hatimi. Ta ɗora a gaban Tsohuwa kamar mai kawo shaida kotu.

Na ce, "Ke za ki yi."

"A'a, Malam. Na'urarka ce."

Na fasa hatimin. Na ɗiga. Na danna maɓalli, na ce wa Tsohuwa wannan shi ne babu. Sannan na ɗiga mata ruwan tukunyarmu na yau, wanda muke kira sifiri.

Sittin cif.

Dakta ta buɗe firji ta ɗauko ragowar ruwan sifirin ranar huɗu ga wata. Ashe ta ajiye, ta rubuta masa kwanan wata. Ni ban taɓa ajiye ragowar sifiri ba a rayuwata, wa ke ajiye babu? Saba'in da uku.

Sai ruwan rijiya. Na miƙa mata kwalbar, ita ta ɗiga.

Saba'in da tara. Kusan ninki takwas na ƙa'ida.

Tsohuwa ba ta yi ƙarya ba. An ce mata saba'in da uku shi ne babu, ta cire, ta ba da shida. Kullum liƙin yana ɗan wankewa, sifirin yana sauka, lambar tana hawa. Dalmar da na zuba don gwaji ta dawo cif domin a saman ƙaryar ta hau. Duk ƙofofin da na duba a kulle suke, ɓarawon yana zaune a falo.

Dakta ta ce a hankali, "Amma daga ina dalma za ta shiga tukunyar tururi?"

Na buɗe aljihun tebur, na ɗaga takardun, na ajiye wayar a gabanta. A jikin takardar da aka naɗe ta an rubuta abin da ke ciki. Kusan rabinta dalma ce. Na san haka tun kafin a haifi Dakta. Na sani ranar da na narka ta. Abin da na gani a ranar yoyo ne da kwamiti, da kuma yadda zan ba da labarin.

Ta daɗe tana kallon wayar. Na jira me ya sa.

Ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Alhamis." Sannan na ce, "Wataƙila Larabar da ta gabace ta."

Ta ɗauki wayar tarho ta miƙo mini. "Hukumar ruwa tukuna, Malam. Sauran daga baya."

Talata, 5:50 na yamma

Na janye takardar. Na rubuta wata, na kai da ƙafata, na tsaya a kan jami'in har ya buga hatimi. Na bi su unguwar. An sa wa rijiyar murfi da kwaɗo ƙarfe biyar saura. Motar ruwa za ta riƙa zuwa safe da yamma. Matar mai shago tana tsaye tana kallona. Ba ta san ni ba, amma ta san kamannin ƙanwata.

Na kuma rubuta wa Darakta shafi ɗaya, da sunana a sama da ƙasa, na ce a cire maganar ɗibar samfur. Duk abin da muka auna tun biyu ga wata sai an sake. Ya karanta, ya ce, "Malam, ba za a iya cewa matsalar na'ura ba ce?" Na ce na'urar ita kaɗai ce ba ta yi laifi ba a ginin nan, ita da Dakta.

Laraba, 25 ga wata, 11:00 na safe

Asibiti. Auta ta farka, an sa mata allura a bayan hannu, an naɗe da farin ƙyalle. Likita ya ce lambar jininta za ta sauka. Abin da ba zai iya faɗa ba shi ne abin da za ta bari a baya, sai ta fara makaranta a gani. Bai yi mini karatu ba. Da ya yi da ya fi sauƙi.

Na faɗa wa ƙanwata a baranda, duka, har da wayar. Ta saurara tana murza bakin mayafinta.

"Ranar da ka zo ka ƙi shan ruwan," ta ce. "Ka sani?"

"Ban sani ba. Na ji tsoro."

"Ka ji wa kanka tsoro, Yaya. Kofin na ɗauka na ba Auta da ka tafi, don kada a zubar."

Ta koma ciki. Ba ta rufe ƙofar ba, ba ta kuma ce in shigo ba. Can na ji ƙaramar murya: "Kawu ne? Ɓeran ya shiga ajin?"

Na shiga. Ya shiga ajin.

Laraba, 4:30 na yamma

Na koma shafin farko na littafin nan na karanta sanarwar. Ban yage ba.

Kwana ashirin rijiyar ta yi a buɗe da sa hannuna. Dakta ce ke da gaskiya, tun ranar da ta tambayi da nawa. Ni na yi kuskure.